Ziyarar Zanzibar da Kilwa a ƙaramin ayari: shin jagora ya cancanci kuɗin da ake nema?

Malam_Sani_Gwale:
Assalamu alaikum, 'yan uwa mambobin wannan zaure. Mu tsofaffin malaman makaranta ne da muka daɗe muna tara kuɗi da niyyar ziyartar tsofaffin biranen gaɓar tekun Afirka ta Gabas, kuma yanzu tayi biyu ne a gabanmu. Na farko babban ayari ne na mutum wajen arba'in, za a sauke mu a wani otal na bakin teku a arewacin Zanzibar, a kai mu tsohon birnin da ake kira Stone Town na rabin yini, sauran kwanakin kuma hutu ne. Na biyu ƙaramin ayari ne da ba zai wuce mutum goma ba, da jagora guda wanda zai kasance tare da mu tun daga Darussalam ta ƙasar Tanzaniya, ya kai mu Bagamoyo, da tsibirin Kilwa Kisiwani, da tsibirin Songo Mnara da ke kusa da shi, sannan a ƙarasa a Zanzibar. Kuɗin na biyun ya kusa ninka na farko. Wasu daga cikinmu ma suna ganin a bar duka biyun, mu sayi tikiti mu tafi da kanmu. Ina roƙon waɗanda suka taɓa zuwa su ba mu shawara, domin tarihi muke son gani da idonmu, kuma akwai dattawa da mata a cikinmu.

Hajiya_Bilki_KD:
Wa alaikumus salam, Malam. Ni a babban ayari na je, kuma ba zan ba ku shawarar bin wannan hanya ba idan tarihi ne burinku. Lungunan Stone Town suna da ƙunci ƙwarai, da yawansu mota ba ta shiga, sai babur da keke da masu tura kaya. Idan mutum arba'in suka shiga irin wannan lungu sai su zama dogon layi, na gaba yana jin bayanin jagora, na baya kuwa sai dai ya ga hannunsa yana nuni. An wuce da mu ta gaban ƙofofin nan masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla cikin gaggawa, ban samu wanda zan tambaya wane ne ya yi su ba, ko me ya bambanta ƙofar gidan Balarabe da ta Ba'indiye. Lokacin da aka ɓata a shagunan tsaraba ya fi wanda aka ba mu a wuraren tarihi.

Abban_Khalifa:
Na yarda da Hajiya a kan babban ayari, amma ban yarda cewa mafita ita ce biyan kuɗi ninki biyu ba. Stone Town ƙaramin wuri ne, da ƙafa ake zaga shi, kuma akwai jagorori 'yan gari masu lasisin hukuma da za ku ɗauka na yini guda ku sallame su da yamma. Yawancinsu suna jin Ingilishi, wasu ma suna jin Larabci. Jirgin ruwa daga Darussalam zuwa Zanzibar tafiyar awa biyu ce ko kusa da haka, kuma sayen tikitinsa ba ya buƙatar ɗan tsakiya. Malamai ne ku, kun iya karatu da tambaya. Kuɗin da za ku ba kamfani ku ƙara kwanaki da shi a garin.

Dakta_Mu'azzam:
Malam Abba, maganarka daidai ce game da Zanzibar, amma tayin da Malam Sani ya kawo ya haɗa da Kilwa, kuma a nan ne lissafin ya canza. Kilwa tana kudu da Darussalam da kimanin kilomita 300. Sai an isa garin Kilwa Masoko, a karɓi takardar izini daga ofishin kula da kayan tarihi, a nemi kwale-kwale, sannan a tsallaka zuwa tsibirin. Baƙon da bai jin Swahili zai iya yin duk wannan, amma zai ɓata lokaci mai yawa, musamman idan yana jan dattawa.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne, Kilwa kufai ce, kuma bango da ya rushe ba ya ba da labarin kansa. Idan babu mai bayani, za ku ga duwatsun murjani da itatuwan kuka ku koma. Idan akwai mai sani, zai nuna muku cewa wannan tsibiri shi ne ya riƙe cinikin zinariyar da ake fitowa da ita daga ƙasar Zimbabwe ta tashar Sofala, har ya buga kuɗinsa na tagulla da sunayen sarakunansa. Zai kai ku Babban Masallaci ku ga ƙubbobinsa da ginshiƙansa, ya rarrabe muku tsohon ɓangaren da wanda aka ƙara daga baya. Zai kai ku Husuni Kubwa, fadar da Sultan Hasan bin Sulaiman ya gina a farkon ƙarni na 14 a kan tudu mai kallon teku, da wurin wankanta mai kusurwa takwas. Wannan sarki ne Ibn Battuta ya tarar a 1331, ya yaba kyautarsa da girmama malamai da yake yi. Kuma Ibn Battutan nan shi ne ya zo Takedda a yankin Agadas a 1353, ya ambaci Gobir cikin ƙasashen da ake kai tagullar garin. Wato mutum guda ya ga Kilwa a lokacin ganiyarta, ya kuma tsaya a bakin ƙasarmu. Turawan Fotugal ƙarƙashin Francisco de Almeida sun ci garin a 1505, daga nan ƙarfinsa ya yi ta raguwa. UNESCO ta sanya Kilwa da Songo Mnara cikin wuraren tarihi na duniya a 1981, tun kafin Stone Town da ta shiga a 2000. A ganina, wanda ya je Zanzibar bai je Kilwa ba ya ga ƙarshen labarin ne kawai.

Ummu_Hanif:
Dakta, Allah ya ƙara basira. Tambayata a kan kwale-kwalen ce. Mahaifiyata tana sha'awar irin wannan tafiya, amma ba ta taɓa shiga jirgin ruwa ba. Shin tsallakawar tana da hatsari ga tsohuwa?

Injiniya_Lawal_PH:
'Yar uwa, tsallakawa daga Kilwa Masoko zuwa Kisiwani gajeruwa ce, ana hango tsibirin daga gaɓa. Songo Mnara ce ke da nisa, kuma idan teku ta janye akan sauka a taka cikin ruwa da taɓo tsakanin itatuwan gaɓa kafin a kai tudu. Wannan zai wahalar da mai ciwon gwiwa. Jagora mai ƙwarewa yana tsara tafiyar bisa lokacin cikar teku da janyewarta, kuma wannan na daga cikin abubuwan da ake biyansa dominsu. Kada kowa ya shiga kwale-kwale sai an ba shi rigar kariya, kada kuma ku yarda a yi muku lodin da ya wuce ƙima. Mutanen Zanzibar ba su manta da nutsewar jirgin Spice Islander a watan Satumba na 2011 tsakanin Unguja da Pemba, manyan tsibiran Zanzibar biyu, ba, kuma yawan lodi na cikin abin da ya jawo shi.

Malam Sani, ku kuma kula da lokaci. Daga Maris zuwa Mayu ake ruwan sama mai yawa. Daga wajen Disamba zuwa Maris iskar arewa maso gabas ke kaɗawa, wadda suke kira kaskazi, daga baya kuma ta kudu, kusi, ta karɓa. Waɗannan iskoki biyu su ne suka kawo jiragen Oman da Indiya suka kuma mayar da su tsawon ƙarnuka. Daga Yuni zuwa Oktoba zafi ya fi sauƙi, sai dai teku takan yi ƙarfi a tsakiyar wannan lokaci, don haka masu saurin tashin zuciya su tanadi magani.

Alhaji_Garba_Fagge:
Kafin a yi nisa da zancen teku, a fara da takardu. Mai fasfon Najeriya ba ya samun bizar Tanzaniya a filin jirgi, sai ya nema tun da wuri an tantance shi, kuma abin yakan ɗauki makonni. Ana tambayar katin rigakafin cutar shawara. Tun daga Oktoba 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorarta ta dala 44, ko da mutum yana da wata. Ku tambayi kamfanonin nan biyu a rubuce ko waɗannan suna cikin kuɗin da suka faɗa, da kuma abin da zai faru da kuɗinku idan bizar mutum ɗaya ta makara. Daga Kano akwai jirgin Ethiopian Airlines ta Addis Ababa, ba sai kun gangara Legas ba.

Abban_Khalifa:
Dakta ya gamsar da ni a kan Kilwa. Duk da haka ina nan a kan cewa a raba tafiyar biyu: a ɗauki jagora da mota don Bagamoyo da Kilwa, a Zanzibar kuma a nemi ɗan gari. Jagoran da ya fito daga Darussalam ba lallai ne ya san Stone Town kamar wanda aka haifa a cikinta ba.

Bashir_Zazzau:
Akwai abin da ba a taɓa ba tukuna, kuma shi ne ya fi tsaya mini a rai bayan dawowata. Biranen nan ba da zinariya da kanumfari kaɗai aka gina su ba, an gina su da hauren giwa da bayi. Bayan da sarkin Oman Sayyid Sa'id ya mayar da fadarsa daga Maskat zuwa Zanzibar wajen 1840, gonakin kanumfari na Unguja da Pemba sun bunƙasa da gumin bayi da ake korowa daga can cikin ƙasa, ta hanyar Tabora zuwa Bagamoyo, wasu kuma ta Kilwa Kivinje daga yankin tafkin Malawi. Sai a 1873 Sultan Barghash ya rufe kasuwar bayi bisa matsin lambar Ingila, aka gina majami'ar Anglika a wurin. Jagoran da ya raka mu ya ba da labarin kamar laifin Larabawa da Musulmi ne kaɗai, Turawa kuma masu ceto. Wani da na ji yana yi wa wasu baƙi Larabawa bayani ya tsallake zancen gaba ɗaya. Duka biyun sun tauye gaskiya. Amfanin ƙaramin ayari shi ne kana iya tsayar da jagora ka ce masa ya dakata, ka tambaye shi ina bayin da aka kai gonakin rake na Faransawa a tsibiran tekun Indiya, ka kuma tambaye shi wane ne Tippu Tip, babban mai fataucin bayi da hauren giwa da ake nuna gidansa a Stone Town. A cikin mutum arba'in ba ka da wannan dama.

Malama_Rabi_Sakkwato:
Ƙanina Bashir, ka yi magana mai nauyi. Zan ƙara da cewa mu ma kada mu je can da fuskar alƙalai. An sayar da bayi a Kasuwar Kurmi ta Kano, an kuma cika rinji da su a ƙasar Hausa a ƙarni na 19. Malaman da za su yi wannan tafiya sun koyar da yara tarihi shekaru da yawa, kuma ina fata idan suka tsaya a wurin tsohuwar kasuwar su tuna da namu. Ina goyon bayan ƙaramin ayari saboda irin wannan wuri yana buƙatar natsuwa da lokaci, ba a shiga a ɗauki hoto a fita ba.

Dakta_Mu'azzam:
Haka ne, Malama. Akwai kuma batun juyin juya halin 12 ga Janairu 1964 wanda ya kawar da sarautar, aka kashe Larabawa da Indiyawa masu yawa, sannan aka haɗe Zanzibar da Tanganyika a watan Afrilu na wannan shekara, haɗin da ya zama Tanzaniya. Har yau magana ce mai zafi a tsibirin, kuma jagorori da dama suna kauce mata. Wanda kuka yi kwanaki tare da shi, kuka ci abinci tare, zai fi sakin jiki ya gaya muku abin da iyayensa suka gani fiye da wanda kuka ɗauka na awa uku. Wannan ita ce amsata ga Malam Abba.

Ɗan_Sawakin:
Gaisuwa daga ɗan uwanku Bahaushen Sudan. Ina karanta bayanin Dakta ina tuna Sawakin, tsibirin da kakanninmu mahajjata suke tsallakawa daga gare shi zuwa Jidda bayan sun yi shekaru a hanya. Ita ma da dutsen murjani aka gina ta, kuma tun da Turawan Ingila suka kafa Port Sudan a farkon ƙarni na 20 aka bar gidajenta suna zubewa ɗaya bayan ɗaya. Ginin murjani yana son a riƙa shafe shi da farar ƙasa, idan aka sake shi ga danshi da gishirin teku ba ya daɗewa. Shawarata ga Malam Sani ita ce kada a jinkirta. Mu yanzu yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya sa ba ma iya gayyatar kowa ya zo ya ga namu.

Hajiya_Bilki_KD:
Allah ya kawo muku zaman lafiya, ɗan uwa. Maganarka ta tuna mini da Beit al-Ajaib, babban ginin da Sultan Barghash ya yi a 1883 a bakin teku, wanda shi ne ya fara samun wutar lantarki a Zanzibar. Wani ɓangarensa ya rufta a watan Disamba na 2020. Idan kamfani ya rubuta muku cewa za ku shiga ciki, ku tabbatar ko an gama gyara an buɗe shi.

Sadiq_Maiduguri:
Me ya sa ba wanda ya ambaci Kenya? In dai biranen Swahili ake nema, Lamu ce ta fi kowanne riƙe kamanninta na da. Jakuna da jiragen ruwa ne abin hawa, akwai masallacin Riyadha na Habib Saleh wanda ake taron Mauludi a cikinsa kowace shekara, kuma UNESCO ta sanya garin a jerinta a 2001. A Mombasa kuma ga Fort Jesus da Fotugal ta fara ginawa a 1593, wanda Larabawan Oman suka karɓe a 1698 bayan sun yi masa ƙawanya kusan shekara uku. Ba za a fahimci yadda Oman ta samu gindin zama a Zanzibar ba sai an ga wannan ganuwa.

Alhaji_Garba_Fagge:
Sadiq, ɗana, duk abin da ka faɗa gaskiya ne, amma ƙara Kenya yana nufin wata iyaka, wasu takardu, da ƙarin jirgin sama, domin hanyar mota zuwa Lamu ta sha fama da hare-haren Al-Shabab, yawancin baƙi ta sama suke sauka a tsibirin Manda. Dattawa ne za su yi tafiyar. Idan aka cusa gari bakwai cikin 'yan kwanaki, rabin lokacin zai ƙare a ɗaure kaya da kwance kaya. A bar Lamu ta zama tafiya mai zaman kanta.

Ummu_Hanif:
Na gode wa Injiniya da bayanin da ya yi. Wata tambayar kuma ita ce ta salla da abinci, da yadda mata masu hijabi za su ji a can.

Malama_Rabi_Sakkwato:
Ummu Hanif, ki kwantar da hankalinki. Mafi yawan mutanen Zanzibar da Kilwa Musulmi ne 'yan mazhabar Shafi'i, akwai kuma Ibadiyya daga zuriyar mutanen Oman da 'yan Shi'a daga zuriyar Indiya. Masallatai suna ko'ina a Stone Town, sai dai da yawansu ba su da doguwar hasumiya, don haka baƙo yana iya wuce su bai lura ba. Matansu suna rufe jiki, ba wanda zai yi miki kallon baƙunta. Abinci shinkafa ce da kwakwa da kifi, ga pilau da biryani, ga miyar urojo da ake sayarwa da yamma a lambun Forodhani. Inda za ki ga abin da ba ki so shi ne otal-otal na bakin teku a arewa, wajen Nungwi, inda ake sayar da giya kuma baƙi ke yawo da kayan wanka, kuma can ne tayin farko zai ajiye su Malam. Sannan babban ayari da ya haɗa mutane iri-iri ba zai tsayar da mota don azahar ba. Mutum goma da suka san juna suna iya sanya lokutan salla cikin jadawali tun daga farko. Ku roƙi a kai ku masallacin Kizimkazi a kudancin tsibirin, akwai rubutun Kufi a jikin mihrabinsa mai ɗauke da shekarar 500 ta Hijira, wato 1107.

Injiniya_Lawal_PH:
Abin da ya fi burge ni a Stone Town ƙaramin abu ne da wani dattijo ya nuna mini. Ɗakunan tsofaffin gidajen dogaye ne marasa faɗi, domin da itacen gaɓar teku ake yin azarar rufin, kuma tsawon itacen shi ke yanke faɗin ɗaki. A ƙofar gidaje kuma akwai baraza, dakali ne irin namu sak, inda maza ke zama da yamma ana shan gahawa ana hira. Irin waɗannan abubuwa sai mai tafiya a hankali yake ganinsu.

Malam_Sani_Gwale:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa abokan tafiyata amsoshinku. Mun ajiye tayin farko, wannan kam babu saɓani. Abin da ya rage shi ne tsakanin jagora guda daga farko zuwa ƙarshe, da shawarar Malam Abba ta raba tafiyar biyu. Uku daga cikinmu kuɗin tayi na biyu ya yi musu nauyi, kuma ba ma son mu bar kowa a baya. Muna tunanin cire Songo Mnara saboda masu ciwon ƙafa, ko da yake ban so haka ba.

Dakta_Mu'azzam:
Allah gafarta Malam, kada a cire ta gaba ɗaya. Songo Mnara gari ne na ƙarni na 15 da har yanzu ake gane tsarin gidajensa da masallatansa da maƙabartarsa, abin da ba a gani sosai a Kisiwani. Masu ƙarfi su je, sauran su huta a Kilwa Masoko ko a kai su Kilwa Kivinje da mota. Idan dole sai an rage wani abu don sauƙin kuɗi, a rage tsibirin Changuu na kusa da Stone Town da ake zuwa kallon manyan kunkuru.

Abban_Khalifa:
Malam, kafin ku yanke hukunci ku nemi kamfanin ya ba ku sunan jagoran da lambar lasisinsa, ku yi magana da shi kai tsaye ta waya. Ku tambaye shi wane ne ya gina Husuni Kubwa, da abin da ya faru a Bagamoyo lokacin da Jamusawa suka mayar da hedikwatarsu Darussalam a 1891. Idan ya amsa da kyau, na janye ƙorafina. Ku kuma nemi a fitar muku da farashin kowane ɓangare daban, mota, masauki, kwale-kwale, kuɗin shiga da ladan jagora, domin ta haka ne za ku ga inda za a rage wa mutum ukun nan nauyi.

Ummu_Hanif:
Malam Sani, idan kun tsayar da wata, kuma akwai gurbin mutum biyu bai sa kun wuce goma ba, ina roƙon a sanar da ni. Mahaifiyata za ta zauna tare da masu hutawa a ranar Songo Mnara.